Bakin Gatarin Agali

Wuya munka sha, kuma ba na son wani ya gyara mini maganar. Ƙira a Adar ba sana'ar mai son jikinsa ba ce. Ka tafi daji neman ƙirya, ka ƙone ta ta zama gawayi, ka ɗauko a jaki bisa duwatsun da ke cin kofato, ka zauna gaban wuta cikin bazara, sa'an nan manomi ya zo ya ce maka kwashen bai yi masa daɗin hannu ba. Karatuna na allo bai yi nisa ba, lekol kuwa, makarantar boko, ko ƙofarta ban taka ba, wannan rubutun ma da girmana na koye shi a karatun manya. Saboda haka kada ku nemi tsari a nan. Abu guda nake so in daidaita muku, ku ɗiyana. Kun ji a bakin gwaggonninku cewa ni na kori Baba daga maƙera don in gaji wurin zamansa, ya yi shekara shida zaune a zaure har ya rasu bai ƙara taɓa awartaki ba. Shekara shidan gaskiya ne. Sauran kuwa ga yadda ya faru.

Garinmu kun san shi, gabas da Karofane, a gindin dutse. Shekara huɗu ko biyar ke nan da ba ƙasa mulkin kai, ina da shekara talatin da ƴan kai, da uwarku Rabi da ku uku na fari. Mu uku ne a rumfar ƙira. Baba ke riƙe da awartaki, shi ke lura da wuta, shi ke cewa a buga. Sa'idu, ɗan gwaggona, yana kan zugazugi. Ni ke bugu da masaba. Aikin da anka san gidanmu da shi, har Buza da Deule, haɗi ne. Ƙarfe biyu za ka sa cikin wuta, ba ka narkar da su, ba ka zuba musu dalma ko wani abin liƙi. Ka dai kai su zafin da suke so, ka watsa musu rairayi mai tsabta ya wanke musu datti, ka fiddo ka buga, su shiga juna su zama guda, har ka nemi wurin gamin ka rasa. Abin duka tsakanin numfashi biyu yake. Ka fiddo da wuri, ba su kamawa. Ka daɗe, ka ƙone su. Mai bugu ƙarfi kawai gare shi. Aikin yana hannun mai lura da wuta.

Tun kakanni ƙarfen tama muke aiki da shi, wanda ake dafawa daga dutsen ƙasarmu. Shi tama mai son wuta ne. Sai ya yi fari fat, ya fara tofar da tartsatsi yana wani ɗan kuka kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi, sa'an nan ya nuna. Baba ya kan ce ƙarfen da bai yi kuka ba ɗanye ne. Amma a shekarun nan dafa tama ya mutu. Masu tsaron daji sun matsa wa sarar itace, ga kuma ƙarfen matattun motoci ana jibgewa a kasuwar Madawa, wa zai kwana uku yana zuga dutse? Cikin ƙarfen motar akwai lam, wato dogayen ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin kamyo, babbar motar kaya, bisa ƙafafunsa. Lam yana da tauri, yana riƙe kaifi, amma in ka ƙera gatari dukansa da shi, wutsiyar da ke shiga ƙota karyewa take yi. Dabarar ita ce ka yi jikin gatarin da ƙarfe mai taushi, ka tsaga bakinsa, ka cusa ɗan yankin lam ciki, ka haɗa su. Jiki ya jure duka, baki ya yi yanka. Na koyo wannan wani rani da na ci a Madawa, wajen wani tsohon maƙeri a bakin tashar mota, kuma ni na kawo shi gida da alfaharina. Tsohon ya ja mini kunne a kan abu guda. Ya ce lam ba a jiransa ya yi kuka. In ya kai launin garin ɗorawa, fuskarsa ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai, fiddo shi. In ka ji kukansa, ya riga ya ƙone.

Abin da ban sani ba lokacin, ko in ce na sani na ƙi sani, shi ne farar yana ta rufe idon Baba. Ba a shekara guda ta rufe ba. Da na waiwaya daga baya sai na ga alamun sun daɗe a gabana. Ya kafa doka kada kowa ya gusar da ko tsinke a rumfa daga inda ya aje shi. Inna kuwa ta ɗauki wata ɗabi'a, kowa ya yi sallama sai ta ɗaga murya daga bayan zana ta kira sunansa da na ubansa tana masa maraba, mu muna dariya muna cewa tsufa ya sa ta surutu. Ashe gaya wa Baba take wa ya zo. A maƙera kuwa ba ya bukatar kowa, don tama yana yi masa magana a kunne. Shekaru ya yi yana haɗi da kunne, babu wanda ya gane, haɗinsa bai taɓa buɗewa ba. Sai ni na kawo masa ƙarfen da ba ya magana sai ya mutu.

Daminar farko galma uku sunka dawo, da kwashe ban san adadinsu ba, baki ya ɓare daga jiki kamar ɓawon gyaɗa. In ka duba wurin karayar sai ka gan shi tsaki-tsaki, baƙi, alamar ƙuna. Manoma ba su san wannan ba. Sunka tsaya bakin rumfa suna faɗa, ruwa ya sauka, ciyawa ba ta jira. Baba ya karɓi ƙarfen ya shafa, ya ce hannun yaron nan ne ya yi nauyi, ba ya saukar da masaba a kan kari. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, yaron nan nake ko da furfura. Na sunkuyar da kai na haɗiye. Da mutane sunka watse na ce masa, a hankali yadda na iya, lam yana son a fiddo shi kafin ya yi kuka.

Ya ce, "Rani guda ka yi a Madawa, za ka koya mini wuta?"

Na ce ba koya masa nake ba, ƙarfen ne daban.

Ya ce, "Ƙarfe ƙarfe na. Kai dai ka iya masabarka."

Munka gwada dabara ni da Sa'idu. In na ga launin ya zo sai in taɓa shi da ƙafa ya sassauta zuga, ko wutar ta tsaya a nan. Kwana biyu kawai abin ya yi. Baba ya ji numfashin zugazugin ya sake, ya tambayi Sa'idu ko amaryarsa ba ta ba shi fura ba ne, in hannunsa ya mutu ya tashi ya ba mata wuri. Sa'idu ya koma zuga da ƙarfi. Na je wa Inna, na same ta tana sussukar gero, na ce mata a kai Baba asibitin nan na masu mishan da ke wajen Madawa, na ji ana cire yana a can. Ba ta ɗago ba. Ta ce ranar da ya hau jaki zuwa neman ido, ranar garin duka zai san ba shi da shi, kuma wa zai kawo aiki wajen makahon maƙeri? Ta ce shi ya rufa mini asiri ina tsirara, in rufa masa nasa, ba zai daɗe ba. Rabi kuwa kullum da nata. Ta ce a bakin rijiya mata na cewa gidan maƙera ya ƙare daga tsoho, ɗan bai gaji komi ba, kuma sunan da ake ɓatawa shi ɗiyanta za su ci abinci da shi. Duk su biyun gaskiya gare su. Ni kuwa na zaɓi abin da ya fi sauƙi, na yi shiru, na ce kwashe ne, in ya ɓare a sake wani.

Da rani ya tsananta sai ga Agali. Buzu ne, tungarsu tana arewa da mu wajen hanyar Keita, suna noma suna kiwo, Hausa a bakinsa kamar tamu. Kun san tsakanin maƙera da Buzaye wasa ne tun fil azal, shi da Baba kuwa sun kai shi inda ya kai. Tun daga nesa yake kiran ina bayinsa masu baƙin hanci, ubangijinsu ya zo. Baba ya ce masa ya kwance rawanin nan daga bakinsa a ga akuyar wa ya sata ya ci. Agali ya ce shi bai taɓa satar akuya ba, raƙumi ne ajinsa. Gatari biyu yake so masu bakin lam, ɗaya nasa ɗaya na babban ɗansa, don ciyawa ta ƙare, sai sun hau gawo su saro wa shanu ganye. Ya ce in sunka yi kyau zai ƴanta Baba, ni kuma ya riƙe ni.

Na tuna ranar da munka yi su kamar yau. Na tsaga bakin, na cusa lam, na watsa rairayi, Baba ya tura cikin gawayi. Ina kallo ya yi ja, ya wuce ja, launin ɗorawa ya zo, sheƙin ya fito. Na ce, "Baba." Ya ce in saurara. Ina tsaye da masaba a sama har launin ya wuce, ya yi fari, ya tofar da tartsatsi, ya yi kukansa. Sa'an nan Baba ya fiddo ya ce a buga. Haka munka yi na farko, haka munka yi na biyu. Daga waje sun haɗu sumul, an wasa su suna walƙiya. Ni na san abin da ke ciki. Ni na sa musu ƙota, ni na miƙa wa Agali da hannuna, har da yi masa wasa. In kuna neman laifina to ga shi nan, ba wanda gwaggonninku ke faɗi ba.

Bai yi kwana goma ba labari ya zo. Agali yana bisa gawo, ya kai wa reshe sara, bakin gatarin ya ɓare, sauran ƙarfen ya goce ya sauka a ƙafarsa ta hagu, ya faɗo. A raƙumi anka kai shi bakin hanya, kamyo ya ɗauke shi zuwa asibitin mishan. Sun ceci ransa, amma rabin tafin ƙafar ya tafi. A gidanmu babu wanda ya tada maganar. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, ƙaddara ta riga fata. Abinci ya daina shiga mini. Wata biyu munka yi haka, muna ƙera lauje da allurar buhu, ayyukan da ba su son haɗi, ina godiya ga Allah duk ranar da ba a kawo gatari ba.

Ranar kasuwarmu ce, da hantsi, rumfa cike da masu jiran aiki da masu zaman hira, sai Agali ya sauka daga jaki yana dogara sanda. Ya rame. Ya yi sallama kamar baƙo, babu bayi babu baƙin hanci. Baba ya ɗauki muryarsa, ya fara cewa ashe ɓarawon raƙumi ya koma jaki, sai ya ji babu wanda ya yi dariya, ya bari. Agali ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar. Ya ce shi bai zo neman diyya ba, tsakaninmu babu wannan, abin da Allah ya rubuta ya same shi. Ya kwance wani tsumma ya fiddo gatari na biyu. Ya ce tun ranar ya hana ɗansa taɓa shi, amma shanu suna faɗuwa, shi kuma ya gama hawan itace har abada.

Ya ce, "Maƙeri, tambaya guda na zo da ita. In ba yaron wanga gatari ya hau da shi, ko kada in ba shi?"

Baba ya miƙa hannu, anka sa masa. Ya shafa bakin, ya ƙwanƙwasa shi da awartaki kusa da kunnensa.

Ya ce, "Ba shi. Wanga ya nuna, da kunnena na ji shi. Wancan hannun yaron nan ne ya makara."

Ba zan ce muku na yi tunani ba. Da na yi tunani da na ja Agali gefe bayan an watse, na karɓi gatarin na ce zan ƙara masa wasa. Wannan dabarar ta zo mini, amma bayan kwana uku ta zo. A lokacin ƙafar nan kawai nake gani naɗe da farin ƙyalle, guntuwa kamar ta jariri. Na karɓi gatarin daga hannun Baba, na ɗora shi a kan uwar maƙera, ƙarfen da muke bugu a kansa, da sanyinsa, na ba shi masaba guda a gefe. Bakin ya ɓalle ya faɗa gaban mutane. Cikinsa baƙi, tsaki-tsaki.

Na ce, "Ba hannuna ba ne. Ƙonewa ya yi, duka sun ƙone. Baba ba ya ganin wuta. Ya daɗe ba ya gani."

Na zaci Baba zai zage ni, ko ya jefe ni da abin da ke hannunsa, da ya yi haka da na ji sauƙi. Sai ya juya fuskarsa wajen bakin rumfa, inda haske yake, ya daɗe, sa'an nan ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Sa'idu, su wa ke nan?"

Sa'idu ya dube ni. Sa'an nan ya fara kiran sunaye ɗaya-ɗaya, tun daga liman har mai gyaran takalmi, mutum goma sha wani abu, kowa anka kira sai ya sunkuyar da kai. Baba yana gyaɗa nasa kan. Da anka gama ya juya wajen da Agali yake, ya roƙi Buzu ya yafe masa ƙafarsa. Agali ya ja rawani ya rufe idonsa, ya ce ya yafe duniya da lahira. Baba ya aje awartaki daidai inda yake aje shi kullum, ya naɗe fatar da yake zama a kai, ya miƙe. Na kai hannu in kama shi, ya ce in bari. Ya fita yana bin zana da yatsa, a fili, abin da bai taɓa bari a ga ya yi ba.

Da la'asar na shiga gida. Inna tana zaune bakin murhu ba wuta. Na durƙusa gabanta. Ta ce shekara bakwai tana ɗauke da wannan abu kamar ƙwai a tafin hannu, ni na fasa shi da masaba guda ranar kasuwa. Na ce mata ɗan mutane zai hau itace da shi. Ta ce ta sani, ba ta ce ƙarya na yi ba, amma gaskiya ma tana da ɗaki, ba a kasuwa ake tuɓe ta ba. Daga nan ba ta ƙara ba, kuma har ta bar duniya ba ta sake tada zancen ba, sai dai ta daina ɗaga murya in anka yi sallama. Rabi ta kawo mini tuwo tana so ta ce wani abu mai daɗi, na ce ta ɗauke shi. Gwaggonninku sunka zo daga gidajen mazansu kafin magariba, sunka shige wajen Baba, sunka fito ba su dube ni ba. Abin da sunka gani ke nan, kuma shi sunka ba ku.

Washegari bayan sallar asuba na tafi rumfa. Sa'idu ya riga ni, ya hura wuta. Wurin Baba yana nan, ƙasar ta lotsa daidai zamansa. Ban iya zama ciki ba, na tsuguna a gefe, hannuna a karkace. Na ɗauki jikin gatarin jiya, na yanke inda ya ƙone, na tsaga sabon baki, na cusa lam, na watsa rairayi. Ya yi ja, ya wuce ja. Da launin ɗorawa ya zo na fiddo, Sa'idu ya saki zugazugi ya ɗauki masaba. Munka buga a hankali da fari, sa'an nan da ƙarfi. Na tsoma bakin a ruwa, na ɗan mai da shi gefen wuta don taurin ya sassauta, na wasa. Da ya huce na ɗora shi a kan uwar maƙera na ba shi masaba uku a gefe, da dukan ƙarfina, ina jin wani ɓangare na zuciyata yana so ya ɓare. Bai ɓare ba.

Na same shi a zaure, zaune bisa fatar, yana fuskantar ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa. Na sa masa gatarin a hannu. Ya bi bakin da babban yatsa tun daga wannan gefe har wancan yana neman wurin gamin, ya koma ya sake bi. Ya ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne.

Ya ce, "Bai yi kuka ba?"

Na ce, "Bai yi ba, Baba."

Ya jinjina shi a hannu kamar mai awo, sa'an nan ya miƙo mini.

Ya ce, "Ya kama. Amma ba ƙarfena ba ne. Kai wa Buzun, shanu nai na jira."

Na sa masa ƙota a nan ƙofar zaure, na saɓa a kafaɗa, na kama hanyar tungar su Agali tun rana ba ta yi zafi ba.